Bargon hannu kafin jaura ta sauko: me za a sa a ciki?

Maman Sadiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar masu keke da masu allura nake nema. Ina da buhu guda cike da ƙyallayen atamfa da shadda da suka taru a shagona tun ɗinkin babbar sallah, ga shi mun shiga Nuwamba, iska ta fara juyawa a nan Zariya. So nake in haɗa su in yi bargo, ba babba na gado ba, ɗan madaidaici wanda mutum zai yafa yana zaune ko ya rufa ƙafafu bayan asuba. Na farkon na ɗiyata ne, shekararta tara, tana da sikila, kuma duk shekara sanyi ne ke tayar mata da ciwon. Haɗa saman bai dame ni ba, sana'ata ce. Cikin ne ya tsaya mini: audugar gona, audugar rimi, ko fibar nan da ake cusa wa filo? Kuma yaya ake yi kada ya dunƙule in an wanke?

Hajiya Inna:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya ba yarinya lafiya, Ya sa kaffara ne. Ni dai a auduga na tashi, kuma har gobe ita nake yabo. Amma audugar da aka shiɓe, ba wadda aka kwaso daga buhu aka danna ba. Kakata sai ta gurje ta tukuna a kan dutse, anguryar ta fita tas, sannan ta ɗauko bakan shiɓa ta yi ta kaɗa tsirkiyar a cikinta. Ɗan curin da bai cika tafin hannu ba sai ki ga ya tashi ya cika faifai, gashin girarta duk ya yi fari. Wannan tashin da ta yi shi ne ɗumin. Yanzu ake fara cirar auduga wajen Funtuwa da Malumfashi, kusa da ke ne, ba za ki rasa ba.

Malam Tela Fagge:
Hajiya ta faɗi gaskiya, tashin shi ne ɗumin. Mutane da yawa suna ɗauka nauyi ne ke sa bargo ɗumi, alhali bargo ba ya kawo zafi daga ko'ina. Zafin jikinka ne yake tsarewa, kuma iskar da ta maƙale tsakanin zaruruwan ce ke wannan aikin. Duk abin da ya danne ya zama kamar allo ya rasa iskar, ya rage nauyi kawai.

Sai dai Maman Sadiya, in za ki ji ta tawa, ga yarinya ki sa fiba. Ba ta filo ba, waccan a warwatse take. Akwai wadda ake sayarwa a shimfiɗe, a naɗe kamar tabarma, ana auna ta da yadi. Masu ɗinkin zanin gado da masu kujeru ita suke saye. Ba ta da nauyi, tana wankuwa, kuma ta bushe a yini ɗaya. Auduga in ta sha ruwa sai ta yi nauyin da mace ɗaya ba ta iya matse ta, in kuma ba ta bushe har ciki ba sai ta yi wari.

Abban Walid:
Ku gafarce ni, ni ɗan kasuwa ne, lissafi na sani. Me ya kai ki wannan wahalar? Ki shiga Kantin Kwari ko nan Sabon Garin Zariya, ga barguna 'yan China jibge, masu laushi, kala-kala. In kuɗin bai kai ba ga gwanjo. Kwanakin da za ki ɓata kina harhaɗa tsumma, da ɗinkin mutane kika yi da kin sayi biyu.

Ummu Affan:
Haba Abban Walid, tsumma kuma? Ragowar sabon yadi ce fa, ko wanki ba ta taɓa gani ba.

Maman Sadiya:
Abban Walid, ban ƙi lissafinka ba, ta fuskar kuɗi kana da gaskiya. Muna da irin wanda kake faɗa a gida. Matsalarsa biyu. Ya yi mata girma da santsi, kafin tsakar dare ya zame ya bar ta a buɗe. Sannan in hunturu ya yi ƙarfi, ta juya cikin duhu sai ka ga yana tartsatsi ƙyas-ƙyas, yana ɗan jan jiki, ita kuma tsoro take ji ta ture shi. Ina son wanda fatarta za ta taɓa yadin auduga, daidai tsawonta, wanda za ta iya ɗauka da kanta zuwa islamiyya.

Malam Tela Fagge:
Wannan tartsatsin bushewar iska ce ke kawo shi a kan yadin roba. In fibar tana ciki, atamfa sama atamfa ƙasa, zai ragu ƙwarai.

Bari in ba ki awo. Wanda aka saba yi na yafawa inci 50 ne a faɗi, 60 a tsawo. In kika yanka ƙyallayenki murabba'i, inci shida-shida, kika ci rabin inci kowane gefe wajen ɗinki, kowanne zai koma inci biyar. Goma a jere, layi goma sha biyu, guda 120 ke nan. Amma ga yarinya ban ba ki shawarar wannan ba, saboda faɗin atamfa bai kai inci 50 ba, sai kin yi ƙari a yadin bayan bargon. Ki yi takwas a jere, layi goma sha biyu, guda 96, ya ba ki 40 da 60. Yadi biyu na atamfa ɗaya ya rufe miki bayan ba tare da haɗi ba, har ki samu rarar naɗe baki.

Ki yanka kwali mai kauri daidai awon, da shi za ki riƙa zanawa da alli. Kada ki amince da ido. Kuskuren da bai kai ƙwayar shinkafa ba a ƙyalle ɗaya, in ya taru a layi sai kusurwoyin su ƙi haɗuwa.

Baban Yara Tudun Wada:
Ni ba tela ba ne, malamin makaranta ne, amma na ga an wuce audugar rimi ba a ce komai ba, kuma mai tambayar a Zariya take, garin rimaye. Wannan ɗinkin da kuke magana, a sa abu tsakanin yadi biyu a bi shi da ɗinki, ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shi ne lifidi. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Ana cusa audugar rimi a ɗinke ta gida-gida, a sa wa doki da mahayinsa, ta tare kibiya. Duk wanda ya tsaya kallon hawan sallah ya ga 'yan lifidi, dawakinsu sanye da shi har gwiwa, an haɗa ja da rawaya da kore. In kakanninmu sun iya ɗinka wa doki, ban ga abin da zai hana mu ɗinka wa 'ya'yanmu ba. Kuma rimi ta fi audugar gona sauƙin nauyi nesa ba kusa ba.

Hajiya Inna:
Malam, ka tuna mini. Amma rimi sai wanda ya san halinta. Zarenta gajere ne mai santsi, shi ya sa ba a kaɗa ta a mazari. Ba ta shimfiɗuwa ta zauna yadda audugar gona ke yi, gudu take. Sai an fara ɗinka gidajen, a bar baki ɗaya, a riƙa tura ta da kara, a rufe, a koma na gaba. In yadin ba mai matsattsiyar saƙa ba ne ta riƙa fitowa ta kafofin allura ke nan. Mu filo da katifa muka san ta da su.

Anti Nas, Jos:
Don Allah a dakata da maganar rimi ga wannan yarinyar. Dalili biyu. Na ɗaya, in ta tsufa tana karyewa ta zama gari, ƙurar na fita, ga kuma ƙurar hunturu, yaro mai tari ko asma zai sha wuya. Na biyu, kuma shi ya fi tayar mini da hankali, rimi tana kama wuta nan take. Tartsatsi ɗaya daga kasko ya isa. Ita ma fibar ba ta tsira ba, narkewa take ta manne a fata, kuma ƙunar da ta fi ba mu wahala a asibiti ke nan. Duk lokacin sanyi sai mun karɓi yaran da suka matsa kusa da wuta da mayafi a jiki.

Tunda mun zo nan bari in ƙarasa. Kada a kwana da gawayi a ɗaki a rufe. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon, sannan a rufe ƙofa. Kuma jaririn da bai shekara ba ba a lulluɓe shi da bargo mai kauri, a sa masa kaya masu ɗumi, a kwantar da shi rigingine, fuska a buɗe.

Maman Sadiya, ke kuma bayan bargon ki dage mata da shan ruwa. Lokacin sanyi yara ba sa jin ƙishi, iska kuma tana busar da jiki, rashin ruwa kuwa yana tayar da sikila kamar yadda sanyin ke yi. Safa da hula, wanka da ruwan ɗumi bayan rana ta ɗaga.

Maman Sadiya:
Na gode Anti, Allah Ya saka da alheri. Ba ma kunna gawayi a ɗaki. Rimi kuma na ajiye ta, Baban Yara ka yi haƙuri.

Baban Yara Tudun Wada:
Babu komai, lafiyar yarinya ce gaba. Ni dai a san cewa sana'ar tamu ce.

Ɗan Damagaram:
Sannunku da hira. Mu nan sanyin daga hamada yake faɗo mana kai tsaye, mutanen Agadas kuwa sun fi mu sha. Akwai hanyar da ba ku ambata ba, wadda ba a sayen komai. Tsofaffin zannuwa da suka yi laushi, a jera uku ko huɗu, a rufe da mai kyau sama da ƙasa, a bi da zare da allura layi-layi. Babu abin da zai dunƙule tunda ba a cusa komai ba, kuma tsakanin zane da zane akwai iskar da Malam Tela yake faɗa. Mahaifiyata haka take yi, da rana tana zaune a tabarma. Mutanen Bangladash da gabashin Indiya ma haka suke yi da tsofaffin zannuwansu da ake kira sari. Wanda ke da tsohon bargo da ya ƙoƙe, shi ma a sa shi a tsakiya a yi masa sabuwar riga.

Hajiya Inna:
Wannan ita ce dabarar talaka, kuma tana da kyau. Da can ma wa ya san bargon kanti? Gwado muke rufa da luru, saƙar hannu da zaren abawa, a saƙo shi ƙwarya-ƙwarya a haɗa. Luru ɗaya sai ya yi wa mutum aure ya yi wa ɗansa. Masu hali su sayi sakala na gashin tumaki da ake kawowa daga wajen Mali, yana da ƙaiƙayi amma ba ya barin ɗari ya shiga. Yanzu masaƙan sun tsufa, 'ya'yansu sun kama acaɓa.

Abban Walid:
To ai Hajiya maganata ke nan. Zamani ya wuce wurin. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, da injinanta da dubban ma'aikatanta, ba ta iya tsayawa da kayan waje ba, balle mace ɗaya da keken Butterfly. In don yarinyarta ne ta yi, na fahimta yanzu. Amma kada wata ta karanta wannan ta ɗauka sana'a ce za ta ci da ita. Wa zai biya kuɗin wahalar?

Ummu Affan:
Akwai masu biya. Ba masu neman araha ba, waɗannan naka ne. Wata ta kawo mini zannuwan mahaifiyarta da ta rasu, guda bakwai, ta ce ba ta iya ɗaura su, ba ta kuma iya bayarwa. Na yanka na haɗa mata bargo biyu, ɗaya nata ɗaya na ƙanwarta da ke aure a Legas. Da ta zo karɓa ta shimfiɗa shi a kan tebur tana nuna mini da yatsa, wannan na sunan wane ne, wannan da shi ta je Makka. Ba ta tambaye ni ragi ba. Wannan ba ya cikin dilar da kake kwancewa.

Abban Walid:
Allah Ya jiƙanta. Wannan kam ba ni da shi a shago. Amma irin su nawa ne a shekara?

Ummu Affan:
Ba su da yawa, ban ce a rufe shago a koma kansa ba. Aikin bayan sallah ne, lokacin da keke ke zaune. Kuma ƙyallen da a da almajiri nake ba ya kai bola ko a ƙona, yanzu yana da inda za shi.

Maman Sadiya:
Mu koma kan keke don Allah. Malam Tela, na yanka ƙyallayen. Shadda da atamfa za su zauna tare? Kuma yaya zan tura abu mai kauri haka a ƙarƙashin ƙafar keke ba tare da na ƙasa ya tattare ba?

Malam Tela Fagge:
Tsaya, kin wanke su kafin ki yanka? In ba ki wanke ba, ki jiƙa su yanzu a ruwan ɗumi, masu duhu daban masu haske daban, a hankali don kada bakin ya zare. Wata atamfar tana zuba, wata tana shiga in ta ji ruwa. Gara ta yi abinta yanzu da ta yi bayan kin gama, ja ya ɓata fari, wani gida ya ja wani. In sun bushe ki goge, ki sake ɗora kwalin a kansu, wanda ya shige da yawa ki ware shi.

Shadda da atamfa suna zama, duka auduga ce, amma a wanke shaddar sosai ta saki taurinta. Abin da ba na so a haɗa shi ne leshi, da yadi mai jan roba, da mai duwatsu. Su karce fata, su ja ɗinki.

Haɗawa kuma, layi-layi za ki yi, ki goge haɗin layin farko ya kwanta dama, na biyu hagu, don in sun gamu kada kauri ya taru wuri ɗaya ya karya allura. In saman ya kammala, ki share ƙasa ki shimfiɗa bayan, fuskarsa na kallon ƙasa, ki ja shi ya miƙe, ki danne kusurwoyi da abu mai nauyi. Fiba a kai, saman a bisa. Bayan da fibar su ɗara saman da inci biyu kowane gefe. Sai ki kama su da dogon ɗinkin hannu, daga tsakiya zuwa baki, ba daga baki zuwa tsakiya ba. Nan ne mutane ke gajen haƙuri, kuma nan ne aikin yake. Awa ɗaya a durƙushe.

A keke ki sa allura lamba 16, ki buɗe tsawon ɗinkin, ki ɗan sassauta abin da ke danne ƙafar. Ki naɗe rabin bargon ya shige ta hannun keken, ki fara da layin tsakiya. Kada ki ja, ki tallafa kawai, ki sa tebur ko kujera a gefe ya ɗauke nauyin. Ki bi kan haɗin gidajen, tsaye da kwance, kin ga tazarar ta zama inci biyar, fibar ba ta da wurin gudu. Kada kuma ki cika ɗinkin ya yi kusa-kusa don ado, kowane layi yana danne ta, ɗumin yana raguwa.

Hajiya Inna:
In keken ya ƙi, 'yata, ki ɗaure shi kawai. Basilla da zaren saƙa mai kauri, a kowace kusurwa ki soka ki fito, ki ƙulla sau biyu, ki yanke ki bar ɗan geza. Ya fi na keke tashi ma, don babu layin da ya danne shi.

Anti Nas, Jos:
Hajiya, ga mai shekara tara babu laifi. Ga ƙananan da ke kai komai baki a bar gezar, a yi ɗinki.

Baban Yara Tudun Wada:
Wani tunani ya zo mini. A unguwarmu akwai makarantar allo, yaran a zaure suke kwana, wasu buhu suke shiga. In teloli biyar suka haɗa ragowarsu, ai an rufa wa goma. Ni zan ɗauki kuɗin fibar.

Ɗan Damagaram:
Malam, niyya ta yi kyau, amma ban da fiba ga almajirai. Su ne kullum a bakin wuta da asuba da dare, ka ji abin da Anti ta ce. A yi musu na zannuwa, auduga zalla, mai duhun launi. Ita ma tana ci, amma ba ta narkewa a jiki, kuma tana ba da lokacin da za a yar. Kuɗin ka sayi zare da yadin baya.

Abban Walid:
Ina da ƙarshen bandir na yadin auduga da ba ya sayuwa, guntu-guntu, yadi ɗaya yadi biyu. In da gaske kuke a turo wanda zai karɓa. Wannan lissafin daban ne.

Ummu Affan:
Allah Ya ƙara buɗi Alhaji. Zan ɗinka uku in sha Allahu. A tambayi matan unguwa tsofaffin zannuwa, amma a ce musu wankakku, kuma wanda ya mutu har yana yagewa da hannu ba shi da amfani, zai fashe a ciki.

Maman Sadiya:
Ni ma ina ciki da biyu, in na gama na Sadiya. Ga inda nake: na jiƙa su kamar yadda Malam Tela ya ce, wata jar atamfa ta zuba sosai har ruwan ya koma kamar zoɓo, na fitar da ita gaba ɗaya. Ya rage mini guda 91, zan cike biyar da farar shadda in sa su a kusurwoyi huɗu da tsakiya. Na samo fibar a wajen masu kujeru, amma iri biyu ce, siririya da mai kauri kamar yatsu biyu. Wacce zan ɗauka?

Malam Tela Fagge:
Siririyar. Mai kaurin ba za ta shiga ƙarƙashin ƙafar kekenki ba sai da faɗa, kuma bargon zai ƙi lanƙwasa a jikin yarinya, iska ta riƙa shiga ta gefe. In kin ga kamar ba za ta isa ba, ki sa bayan ya zama yadin fulanel mai gashi-gashi maimakon atamfa, shi ma ki wanke shi tukuna don yana shiga sosai. Wanki kuma da hannu, ruwa mai ɗan ɗumi, kada a murɗa. A shanya shi a kan igiya biyu don nauyin ruwan kada ya ja fibar ƙasa.